Ko Ni Na Ba Ki, Kada Ki Ci

Duk wanda ya koyi tuƙi a hannun Malam Birki ya san tafin hannunsa. Ana cikin tafiya lafiya lau a filin koyo, tsakanin tsofaffin tayoyin da ya jera ya shafa musu farin fenti, yana yi maka hirar ƙwallo, sai kawai ya ɗaga hannu ya maka wa gaban motar duka. Dukan nan yana nufin yaro ya faɗo titi. In ka taka birki nan take, sai ya ci gaba da hirarsa kamar ba a yi komai ba. In ka tsaya raba ido, sai ya taka nasa birkin da ke ɓangarensa, ya juyo ya dube ka, ya ce Allah ya ji ƙan yaron, ka kashe shi. Akwai ɗalibar da ta fashe da kuka ta bar masa motar a kunne ta tafi gida. Shi kuwa bai taɓa ganin laifin kansa ba. Ra'ayinsa shi ne, abin da ke cikin kai guduwa yake yi ranar tashin hankali, wanda ya shiga ƙafa ne kaɗai ke tsayawa. Kuma a yi masa adalci, ɗalibansa ba su cika yin haɗari ba.

'Ya ɗaya gare shi, mai shekara bakwai, kowa yana kiranta Sufeto. Ƙanwarsa ce ta laƙaba mata sunan, wato Gwaggon yarinyar, saboda ko ruwa ka miƙa mata sai ta tambayi abin da aka sa a ciki. Sufeto tana da sikila. Tun tana jaririya ake zaryar asibiti, yau kumburin yatsu, gobe zazzaɓi, jibi ƙarin ruwa. Iyayen sun saba, in dai ana sabawa da irin wannan. Akwai gorar ruwa a kowane ɗaki, akwai rigar sanyi da ba ta barin kujerar baya ta mota, maganin safe kuma yana ajiye kusa da buroshin haƙori don kada a manta.

Maganar ƙwai daga baya ta shigo. Tana da shekara biyu da 'yan watanni, a gidan Gwaggon, aka gutsira mata soyayyen ƙwai, abin da bai cika cokali ba. Kafin a kwashe kwanuka leɓɓanta sun kumbura, idanunta sun rufe, numfashinta yana fita da wani irin fito. Malam Birki, mutumin da bai taɓa wuce mota a kan kwana ba, ranar ya keta danja tana ja, yarinyar a cinyar uwarta, yana danna hon da gwiwar hannu. Aka yi mata allura a cinya, aka sa mata iskar numfashi, ta dawo. Likita ya ce alaji ne, wato jikinta yana ɗaukar ƙwai a matsayin abokin gaba, kuma gwaji ya nuna gyaɗa ma haka take. Madara ba ta kai nan ba, amma tana ɓata mata ciki. Ya ce da sun ƙara jinkiri kaɗan, da sai dai wani labarin. Wannan maganar ce ta zauna wa Malam Birki a ƙirji, ba ta sake tashi ba.

Matarsa tela ce, a gida take ɗinki, ita ta ɗauki nauyin kicin. Ta kyautar da kaskon suya ta sayi sabo. Ƙwai ya bar gidan gaba ɗaya, har shi maigidan in kwaɗayi ya kama shi sai dai ya ci a waje, ya wanke hannu da baki da sabulu kafin ya shigo. Ta koyi karanta ƙananan rubutun bayan kwalin biskit da ledar taliya, tana matse ido a gaban mai kanti har layi ya taru a bayanta. Ta koyi yin kek da ayaba a madadin ƙwai, kek ɗin da Gwaggo ta ce in aka jefi kare da shi sai an kai shi asibiti. Sufeto dai tana ci, don ba ta san wani ba.

Duk wannan ya yi aiki muddin yarinya tana gida. Da lokacin shiga makaranta ya zo, hankalin Malam Birki ya tashi. A mota yana da birkinsa na biyu, a makaranta fa? An yi wa malamar aji bayani, an ba ta allurar gaggawa ta ajiye a durowa, amma malama ɗaya ce, yara kuwa aji cike, kuma yaro ba ya ganin laifin miƙa wa ɗan'uwansa biskit. Sai ya yi abin da ya iya. Ya mayar da 'yarsa ɗaliba.

Da baki ya fara. Kullum a hanyar makaranta sai ya ce, ƙwai fa? Ta ce mutuwa. Gyaɗa fa? Mutuwa. In an ba ki abu? In tambayi me aka sa. In ba a sani ba? In ce na gode, ba na ci. Uwar ta ce kalmar nan ta yi wa yarinya nauyi, a ce mata ciwo mana. Ya ce yarinyar da ta san ciwo tun tana zanin goyo, ciwo ba zai tsorata ta ba, ita da ciwo ai 'yan gida ɗaya ne.

Daga nan ya shiga gwaji. Ya turo Gwaggo da kek na gaske a leda, tana lallashi, ɗan kaɗan ai ba ya komai. Ya haɗa baki da mai kanti ya miƙa mata biskit kyauta. Har wata ɗalibarsa ma'aikaciyar jinya ya roƙa ta biyo ta gidan da fararen kayanta, ta miƙa wa yarinyar abin ci. In Sufeto ta ƙi karɓa, sai ya fito daga inda ya laɓe yana tafi, a tafi filin koyo, ya ɗora ta a cinya ta riƙe sitiyari su zaga tayoyi. Ba abin da take so a duniya kamar wannan zagayen.

Sau ɗaya ta faɗi, kuma a hannunsa ta faɗi. Ya shigo da ɓararren dafaffen ƙwai, ya zauna kusa da ita, ya ce yau ba gwaji ba ne, likita ya ce ta warke. Ta miƙo hannu, Abbanta ne fa. Ya kaɗe hannun, ƙwan ya gangara ƙarƙashin kujera.

"Kin mutu," ya ce. "Ko ni na ba ki, kada ki ci. Ko na ce likita ne ya ce. Kin ji ko?"

Ta yi kuka har da shessheƙa. Uwar ta taso daga kan keke ta ɗauke 'yarta, ta ce masa a gaban yarinyar, abin da ba ta saba yi ba, wannan ba ɗalibar tuƙi ba ce, 'yarka ce. Ta yi kwanaki ba ta yi masa maganar kirki ba. Shi kuwa ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gara ta yi kuka yau da su su yi gobe. Ya maimaita wannan gwajin daga baya da salo iri-iri, wata rana da fara'a, wata rana da ɗaure fuska, ba ta sake faɗuwa ba. Ya yi alfahari da ita ƙwarai, har ɗalibansa sun gaji da jin labarinta.

Matsalar da ta taso bara ba ta ƙwai ba ce, ta sikeli ce. A asibitin da suke zuwa akwai ma'aikaciyar da ke kula da cimar yara marasa lafiya, kowa yana ce mata Sistar Abinci, doguwar mace mai tabarau a goshi wadda ba ta san gaggawa ba. Ita ke auna Sufeto duk zuwa. Wata ya bi wata, tsawo yana ɗan ƙaruwa, nauyi yana nan inda yake. Siket ɗin makarantar da uwar ta ɗinka tun shekarar farko har yanzu sai an kama shi da fil. Sista ta yi musu bayani cewa jikin mai sikila kullum cikin aikin yin sabon jini yake, don haka yana buƙatar abinci fiye da na sauran yara, ko da yaron a zaune yake wuni. In bai samu abin gina jiki isasshe ba sai ya rame, kowane zazzaɓi kuma ya same shi ba tanadi.

To me za a ba ta? Nama, Sufeto taunawa take yi ta tara a kumatu har a gama cin abinci. Kifi, da ta ji ƙarninsa sai yunƙurin amai. Wake tana ci, amma 'yan cokula sun cika mata ciki. Gyaɗa da madara an rufe ƙofarsu. Uwar ta gwada duk dabarar da Sista ta ba ta: ta niƙa kaza cikin miya, ta ƙara cokalin mai a shinkafa, ta rarraba abinci ƙanana-ƙanana daga safe zuwa yamma maimakon a cika faranti yarinya ta gani ta karaya. Sikeli ya ɗan motsa, zazzaɓi guda ya zo ya kwashe. Wata rana Malam Birki ya ɗauko ta daga mota tana barci, jakar makarantarta a ɗaya hannun, ya rasa wanne ya fi nauyi. Ya tsorata sosai, amma bai gaya wa kowa ba.

Sai likita ya ce a sake gwajin jini da na fata. Sakamako ya zo da abin da ba su zata ba. Gyaɗa tana nan daram, amma alamar ƙwai ta sauka sosai. Likita ya ce yara da yawa suna girma su rabu da alajin ƙwai, kuma hanyar tabbatarwa ɗaya ce: a ba ta ta ci a asibiti, kaɗan-kaɗan, a gaban ma'aikata, allura tana kusa. Da wanda aka gasa cikin kek za a fara, don shi jiki ya fi saurin karɓa. In ta haye, Sista ta samu abin da za ta gina mata jiki da shi, mai laushi, mai sauƙin haɗiya, wanda ke shiga cikin abinci iri-iri. Amma sai ranar da take lafiya ƙalau, kuma ɗakin gwajin layi gare shi mai tsawo. An sa musu rana zazzaɓi ya rushe ta, aka sake sawa ciwon ƙafa ya rushe ta.

Uwar ta so a fara shirya yarinyar tun a gida, Sista ma haka ta ba da shawara. Malam Birki ya ƙi. Hujjarsa kuma ba ta banza ba ce. In aka ce mata ƙila ƙwai ya daina yi mata illa, gobe wata ƙawa ta miƙa mata a makaranta ta ce bari in gwada, wa gari ya waya? A bari sai an shiga ɗakin, shi zai yi mata magana, ai maganarsa take ji. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma Malam Birki in ya kafe sai dai a kauce masa. Uwar ta gasa kek ɗin a kicin ɗin Gwaggo, da ma'aunin da Sista ta ba ta, ta naɗe a takarda ta cusa a ƙasan jaka.

Ɗakin gwajin ƙarami ne. Gado ɗaya mai farin zani, kujeru biyu na roba, tukunyar iskar numfashi a lungu, da farantin ƙarfe da aka jera allurai a kai aka rufe da ƙyalle. An manna hoton zomo a bango, kunnensa ɗaya ya yage. Sufeto ba baƙuwar asibiti ba ce, da kanta ta hau gadon, ta miƙa yatsa aka maƙala mata abin awo, ta ɗaga riga likita ya saurari ƙirji, ya duba fatarta gaba da baya. Komai lafiya. Sista ta ɗora kek ɗin a ƙaramin sikeli, ta yanko gutsuren da bai fi ƙwayar wake ba, ta sa a cokali.

"Sista, me aka sa a ciki?"

Sista ba ta ɓoye ba. Ta ce fulawa, sukari, mai, da ƙwai.

"Na gode, ba na ci," in ji Sufeto. Ta harɗe hannuwa a cinya, ta saci kallon Abbanta, bakinta yana son yin murmushi.

Malam Birki ya gyara murya ya matso. Ya yi mata bayani tiryan-tiryan, yadda yake yi wa sabon ɗalibi bayanin canja giya. An gwada jininta, jikinta ya canja, yanzu ƙwai ba zai yi mata komai ba, kuma ga likita nan a tsaye. Likita ya karɓa, ya sauko da murya, har zane ya yi mata a bayan takarda, na sojojin jiki da suka daina faɗa da ƙwai. Ta saurara da ladabi tana gyaɗa kai. Da ya gama sai ta juya.

"Abba, wannan karon har likitan gaske ka samo?"

Sista ta kau da kai tana danne dariya. Likita ya dubi Malam Birki yana neman ƙarin bayani, uwar ce ta ba shi a taƙaice, ba tare da ta dubi mijinta ba. Likita ya ce ikon Allah, ya ce bari ya zaga ɗakin marasa lafiya ya dawo.

Aka shiga lallashi. Uwar ta ce ita da hannunta ta gasa, ta taɓa ba ta abin da zai cutar da ita? Sufeto ta ce ai Abba ne ya sa ki. Sista ta gutsiri kek ɗin ta ci a gabanta, Sufeto ta ce Sista ai ke ba ki da alaji. Malam Birki ya yi alkawarin zagaye a fili har da danna hon, ta ce in ta ƙi ma ai za a yi zagayen. Ya ɗaure fuska ya ce umarni ne. Ta yi dariya, don ya taɓa yin wannan ma. Duk ƙofar da ya nufa sai ya tarar shi da kansa ya kulle ta tuntuni. Kuma abin takaicin, yarinyar ba taurin kai take yi ba, murna take yi. A ganinta yau ce babbar jarrabawa, an tara mata kowa da kowa, ga shi kuma tana hayewa.

Rana ta ɗaga. Sista ta ja iyayen zuwa baranda ta faɗa musu gaskiya. Gwajin yana cin lokaci, don bayan kowane gutsure sai an jira, bayan na ƙarshe kuma a daɗe ana kallonta. In ba a fara kafin tsakar rana ba sai dai a sake sa rana, kuma sun san layin. Ɗura kuwa ba za a yi mata ba, don yaron da ke kuka yana tari, ba a gane ko ƙwai ne ko kukan ne.

Malam Birki ya ce to a sauƙaƙa abin. A fita da wannan kek ɗin, a jima kaɗan a dawo da shi cikin wata takarda, a ce na ayaba ne na gida. In ta ci lafiya, daga baya a gaya mata. Sista ta dubi uwar.

"Malam, a'a," in ji matarsa. "Tunda ta iya magana ba ta taɓa tambayata me aka sa na yi mata ƙarya ba. Gyaɗa tana nan fa. Ranar da ta gane tambaya ba ta da amfani, ranar za ta daina yi. Kai ka ƙulla, kai za ka kwance."

Ya so ya yi musu, ya ga ba wuri. Ya tsaya yana kallon 'yarsa ta gilashin ƙofa. Tana zaune a bakin gado tana kaɗa ƙafafu, ƙafafun nan sirara kamar kara, safarta ta zame ta taru a idon sawu don ba naman da zai riƙe ta. Ya roƙi a bar shi da ita. Sista ta ce ita dole ta kasance a ɗakin, amma za ta koma lungu ta yi shiru.

Ya durƙusa a gaban gadon, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya ɗauki cokalin. Ya buɗe baki zai ce ba gwaji ba ne, ya tuna ya taɓa faɗa. Zai ce likita ne ya ce, ya tuna. Zai ce ki yarda da ni, wannan maganar ma ya ɓatar da ita tun yarinyar tana aji ɗaya. Mutumin da ke cika mota da surutu daga safe har yamma, ya nemi magana ɗaya da bai taɓa yaudararta da ita ba, ya rasa. Bai san lokacin da hawaye suka zubo masa ba, shi da ko ranar rasuwar mahaifinsa ba wanda ya ga kukansa.

Murmushin Sufeto ya tafi. Ta san duk fuskokin Abbanta na gwaji, wannan ba ta cikinsu.

"Abba, ba wasa ba ne?"

"Ba wasa ba ne," ya ce da ƙyar.

"Kai kake so in ci?"

"Ni nake so. Don Allah ki ci, saboda ni."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta kalli ƙofa, inda uwarta ke tsaye a bayan gilashi. Sannan ta buɗe baki, ya sa mata, ta tauna, ta haɗiye, ta nemi ruwa.

Kai, Malam Birki ji ya yi kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. Ya goge fuska da hannun riga ya miƙe yana 'yar dariyar kunya, uwar ta shigo, Sista ta dubi agogo ta rubuta. Daga nan aiki ya tafi yadda aka tsara. A jira, a duba leɓe, a duba wuya da bayan kunne, a saurari ƙirji, a ƙara gutsuren da ya fi na baya. Sufeto ba ta sake tambaya ba, ba ta yi gardama ba. In an miƙo sai ta dubi Abbanta, ya gyaɗa kai, ta buɗe baki. Sista ta tambaye ta ko da daɗi, ta ce da daɗi. Ƙaiƙayi fa? Babu. Ciwon ciki? Babu.

Bayan gutsure na biyu ta cire takalmanta, ta sauka ta jera su a ƙarƙashin gado, ta koma ta kwanta rigingine, ta miƙe sambal. Uwar ta ciro mata littafin zane, ta ce a bari. Aka ce gajiya ce, da sassafe aka tashe ta. Ta roƙi Abba ya riƙe mata hannu, ya riƙe da hagu, dama kuma tana kan waya. Ya kira Gwaggo ya ce mata kek ɗin ayaba ya kusa yin ritaya, karnukan unguwa su sha kuruminsu. Ya kira ɗalibin da ya soke wa darasin ranar, ya ba shi haƙuri, ya kuma ba shi labari tun daga farko ba tare da an tambaye shi ba. Uwar da Sista suka ja kujeru suka shiga tsara abinci. A riƙa ba ta gasasshe a kai a kai, kada a yi dogon hutu jiki ya manta. Kada a yi gaggawar soyayye ko dafaffe sai an sake dawowa nan ɗakin. Gyaɗa kuwa tana nan a haramce, allurar gaggawa ma tana nan a jaka. Uwar tana ta jero tambayoyi idonta yana ƙyalli, an daɗe rabon da a ga haka a fuskarta.

Aka ba da gutsure na ƙarshe, mafi girma, aka yi dogon jira. Likita ya dawo ya duba ta tun daga fatar kai har tafin ƙafa, ya saurari ƙirji ya sake saurara, sannan ya miƙa wa Malam Birki hannu ya ce barka, ta haye. Ya shafa kan Sufeto ya ce ta zama jaruma. Sista ta cire mata abin yatsa, ta tura farantin allurai waje ba a taɓa ko ɗaya ba. Uwar ta bi ta ofis don ta karɓo takardar ma'aunin gasa kek. Aka bar uba da 'ya.

Ya sunkuya ya ɗauko takalman, ya ce tashi Sufeto, yau fili namu ne har rana ta faɗi. Ba ta tashi ba. Hannunta da ke cikin nasa ya jiƙe da gumi, sai yanzu ya lura.

"Abba, har yanzu ba ta zo ba."

"Wa?"

"Mutuwar." A hankali ta faɗa, tana kallon ƙofa. "Tun ɗazu nake jira. Za ta yi zafi kamar ciwon ƙafata, ko barci kawai zan yi?"

Ya tsaya da takalmin a hannu. Ya ce ba ta ji abin da likita ya faɗa ba? Ta ce ta ji, amma ai likita kullum haka yake, ko allura zai yi sai ya ce ba zafi. Malam Birki ya bi abin da ya faɗa mata a durƙushe kalma bayan kalma, don ba su da yawa. Ya ce ba wasa ba ne. Ya ce shi yake so. Ya ce ta ci saboda shi. Bai ce ba za ta mutu ba. Wannan tun da safe ya faɗe ta, cikin maganganun da shi ya koya mata kada ta yarda da su. Ke nan duk gutsuren da aka miƙo, yarinyar nan ta buɗe baki ne tana ganin ƙarshenta ya zo, shi kuma yana gefe yana waya yana dariya.

"To me ya sa kika ci?" Muryar da ta fita ba tasa ba ce.

"Ka yi kuka," ta ce. "Kada ka gaya wa Umma tukuna. Ita ba ta sani ba, murna take yi."

Daga baranda ana jiyo takun uwar tana dawowa, suna hira da Sista. Ya ajiye takalmin ya zauna a bakin gadon, ya ɗago 'yarsa ya rungume, sannan ya janye ta kaɗan don ta gan shi. Ya ce ba za ki mutu ba, ya sake faɗa, ya sake faɗa. Ita kuwa tana kallon fuskarsa a nutse, tana neman ta gane ko wannan karon gaskiya yake faɗa.